Kiwon Kifi a Maiduguri: Ribar Tafki Tana Ga Daidaita Tarwaɗa da Karfasa

MAIDUGURI: Tun bayan da Tafkin Chadi ya janye daga faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 da yake da shi a shekarun 1960, kuma rikicin Boko Haram ya gurgunta kamun kifi a Baga, 'yan kasuwa da dama a Maiduguri suka karkata ga haƙa tafkunan kiwon kifi na ƙashin kansu. Sai dai ba duk wanda ya zuba jari ke mayar da uwar kuɗinsa ba.

Babbar matsalar masu kiwon karfasa a tafkin ƙasa ita ce yawan haihuwa. Karfasa tana fara ƙwai tana 'yar watanni kaɗan, uwar kuma tana renon 'ya'yanta a cikin baki, don haka galibinsu suna rayuwa. Kafin a ankara tafki ya cika da ƙananan kifaye masu cin abinci ba tare da yin girma ba, waɗanda ba su da daraja a kasuwar kifi ta Tashar Baga.

Maganin da masana suka daɗe da sani shi ne a saka kifi mai cin kifi, kamar tarwaɗa ko giwan ruwa, domin ya riƙa rage 'ya'yan. Amma sharaɗi ne a bari karfasar ta fara tasawa tukuna, sa'an nan a zuba tarwaɗar da bakinta bai isa haɗiye manya ba.

Idan aka wuce gona da iri, asara ce. Giwan ruwan da aka saka a Tafkin Victoria a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'in kifi kusan 200.

Saboda haka ya kamata mai tafki ya riƙa jefa koma duk wata yana duba abin da ya kamo. Idan ƙananan karfasa sun yi yawa, masu cinsu sun yi kaɗan. Idan kuwa tarwaɗa ta rame, kai ya fi jiki, to abincinta ya ƙare, sai a kwashe wasu a kai kasuwa ko a yi banda da su.

Haka kuma duk tafkin da ruwan ambaliya ya shiga, kamar wadda madatsar Alau ta haddasa a Satumban 2024, wajibi ne a janye ruwansa a tantance kifin da ke ciki kafin a sake zuba iri, domin baƙon kifi ɗaya mai girma yana iya cinye jarin shekara guda.