Yaron da Ya Yi Shiru a Aji: Magana ga Malaman Miga

Ƙasar Miga tana cikin masarautar Dutse, a fadamar kogin Haɗeja. Mutanenta manoma ne da masunta da Fulani makiyaya. Yaro a can da Hausa yake tashi, wani kuwa da Fulatanci. Turanci kam sai ran da aka sa shi makaranta yake fara jin sautinsa.

Tun zamanin Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, da Hausa ake fara koyarwa a Arewa. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya bi wannan turba, daga baya aka tsai da cewa harshen gida ne a shekara uku na farko. Cikin 2022 Gwamnatin Tarayya ta mai da su shida, amma cikin 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa an soke, an koma Turanci tun daga ajin farko. Mu dai da an shawarce mu, da mun tuna musu gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife cikin 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza a Turanci ba. To, amma hukuma ta zartar, kaya ya sauka a kan malamin aji.

Abin da muke tsoro shi ne wannan. A aji akan sami yara biyu sun yi tsit. Ɗaya lafiyarsa lau, Turancin ne bai kama ba tukuna. Ɗayan kuwa kunnensa ne ba ya ji sosai, ko idonsa ba ya hango allo. Malam in bai lura ba sai ya haɗa su duka ya ce daƙiƙai ne, alhali maganinsu dabam dabam ne.

Rarrabe su ba wuya. A yi wa yaro tambayar nan da Hausa, ko da Fulatanci in Bafillace ne. In ya amsa daidai, to, kansa yana ja, haƙuri da maimaitawa yake bukata. In ya kāsa, a tsaya bayansa a kira sunansa a hankali, a duba ko zai waiwayo. A komo da shi bencin gaba mako guda a ga ko rubutunsa zai gyaru. Kada kuma a ɗauki bulala don yaro ya rikita harafin p da f, gama Hausa ba ta raba su ba, manyan ma'aikata ma sukan yi tuntuɓe a nan. Sai an gama duk wannan kana a kira uban yaro a yi maganar asibiti, ko makarantar musamman irin ta Tudun Maliki a Kano. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu cikin watan Janairu na 2019, ta ba irin wannan yaro hakkin karatu kamar kowa.

Sa'an nan ga ruwa. Watan Satumba da ake buɗe sabuwar shekarar karatu, lokacin ne kogi yake cika, kachala kuma ta toshe hanyoyinsa. A shekarar ambaliya irin ta 2022, makarantu da yawa a Jigawa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Yaron da ba ya jin Turanci a gida, in ya yi wata biyu ba aji, ɗan abin da ya riƙe ya zube. Saboda haka muna roƙon malaman ofishin ilmi na ƙaramar hukuma su riƙa rubuta kwanakin da kowace makaranta ta yi a rufe, su duba rajistan nan tukuna kafin a yanke wa yaro hukuncin maimaita aji.