Sanya Manhajar Gwaji da Cire Ta: Wa Ke Kwashe 'Yan Rakiya?

Duk wanda ya rubuta shiri na na'ura mai ƙwaƙwalwa yana bukatar hanyar tabbatar da cewa abin da ya rubuta yana aiki yadda ya nufa. Masu amfani da harshen Python sukan yi wannan da wata manhajar gwaji mai suna pytest, wadda Holger Krekel ya faro. Ɗalibi zai rubuta abin da yake sa ran shirinsa zai bayar, misali biyu a haɗa da uku su ba da biyar, ita kuma ta gwada, ta nuna masa inda aka sami saɓani.

Ba a samun pytest a cikin Python tun asali. Sai an ɗauko ta daga wata babbar ma'ajiya a intanet da ake kira PyPI. Mai ɗaukowar kuwa shi ne pip, wanda Ian Bicking ya ƙirƙiro a shekarar 2008. Umurnin gajere ne: pip install pytest. Sai dai wanda ya zuba ido a kan allon na'urar zai ga cewa ba ita kaɗai ta sauka ba. Kamar amarya, ta zo da 'yan rakiya, wato ƙananan manhajojin da take dogaro da su, irin su pluggy da iniconfig da packaging.

A wajen cirewa ne ake yin kuskure. Idan aka rubuta pip uninstall pytest, na'urar za ta nemi amincewa, sannan ta share pytest ita kaɗai. 'Yan rakiyar suna nan daram. Wannan ba ganganci ba ne, domin mai yiwuwa wata manhajar ta daban tana amfani da packaging, kuma share ta zai gurgunta wancan aikin. Amma a ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ɗalibai da yawa ke amfani da na'ura ɗaya, tarkace sai ya yi ta taruwa, har ta kai wani ya sabunta wata manhaja don aikinsa, na abokinsa ya daina tashi. Maganin da ya fi sauƙi shi ne kowane aiki a yi masa keɓaɓɓen ɗaki da umurnin python -m venv, wanda ya shigo tare da Python 3.3 a shekarar 2012. Duk abin da aka sanya a can yake zama. In an gama, a share ɗakin gaba ɗaya.

Hatsarin cirewa ya fi girma idan daga ma'ajiyar kanta aka yi. A watan Maris na 2016, wani marubucin manhaja mai suna Azer Koçulu ya sami saɓani da kamfanin Kik a kan sunan wata manhajarsa da ke ma'ajiyar npm, ta harshen JavaScript. Da masu ma'ajiyar suka ba kamfanin sunan, sai ya janye manhajojinsa sama da 250. A cikinsu akwai left-pad, mai layi 11 kacal, wadda aikinta bai wuce cike gurbi a hagun rubutu ba. Ashe manyan manhajoji irin su Babel suna dogaro da ita ta hanyar wasu 'yan rakiyar, don haka dubban ayyuka a faɗin duniya suka ƙi sanyuwa. Cikin 'yan sa'o'i masu npm suka mayar da ita ba tare da marubucin ya nema ba, daga baya kuma suka tsaurara ƙa'idar janye manhajar da wasu ke dogaro da ita.