ƘARIN TSAWON ƘAFA: AIKIN YINI ƊAYA, JINYAR SHEKARA GUDA

Duk wanda ya taɓa kawo marar lafiya Kano daga wajen Rano, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya san hanyar Zariya. Mota takan sauke shi a Unguwa Uku, sa'an nan ya nemi adaidaita sahu zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. An kafa wannan asibiti a 1988. Can kuma wajen Dala akwai Asibitin Ƙashi, wanda aka buɗe tun 1959, shi ne kuwa babban wurin aikin ƙashi a wannan sashe na ƙasar. A cikin masu kai da kawowa tsakanin asibitocin nan da ƙauyukanmu, wani lokaci akan ga mutum yana dogara sanda, da zobban ƙarfe kewaye da ƙafarsa, an farke wandonsa ta gefe. Wannan mutum ana ƙara masa tsawon ƙafa ne, ko kuwa ana cike gurbin ƙashin da ya ruɓe aka cire.

Mun ga ya kamata mu yi magana a kan wannan, gama mutanenmu da yawa suna tsammani da an fito daga ɗakin tiyata an gama. Tiyata aikin yini ɗaya ce. Jinyar kuwa takan ci shekara, kuma yawancinta a gida ake yi, a hannun iyali da maƙwabta. Ƙungiyar da ba ta shirya ba za ta iske ɗan'uwanta ya sami ƙafa amma ya rasa hatsin shekara, ko kuwa ya koma gona da wuri ƙashin ya sake karyewa.

ME KE SA ƘAFA TA GAJARCE?

A ƙauyukanmu dalilan sanannu ne. Akwai karaya daga haɗarin babur ko faɗowa daga itace, wadda aka ɗora a gida, ƙashin ya haɗe a karkace ko ɗaya ya hau kan ɗaya. Akwai ciwon da ke shiga cikin ƙashi ya yi ta zubar da mugunya shekara da shekaru, wanda yakan dami masu sikila. Akwai yaron da ya ji rauni a bakin gaɓa, wurin da ƙashi ke tsiro, sai ƙafa ɗaya ta tsaya, ɗayar ta ci gaba da girma. Akwai kuma shan inna. An tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta taɓa a da suna nan tare da mu.

Ba kowane bambanci ne ake yi wa tiyata ba. In bai kai santimita 2 ba, yawanci ba a yin kome. In ya ɗan fi haka, sau da yawa takalmi mai tudu ya isa. Sai in bambancin ya yi yawa, kamar santimita 5, watau inci 2, ko fiye, mutum yana ɗingishi har ƙugu da baya suna ciwo, sa'an nan likita yakan kawo maganar ƙarin tsawo.

YADDA AKE AIKIN

Wani likita ne a ƙasar Rasha, mai suna Gabril Ilizarob, ya gyara wannan dabara a garin Kurgan tun wajen 1951. Sai bayan 1980 ta bazu zuwa Italiya da sauran duniya. Abin da ya gane shi ne, in aka yanka ƙashi da kula, aka riƙa ja da bakunan biyu sannu sannu, jiki da kansa yakan cika tsakanin da sabon ƙashi. Tsoka da jijiyoyi da fata su ma sukan miƙe tare da shi.

Likita yakan soka wayoyi ko ƙusoshi na ƙarfe ta cikin ƙashin, ya ɗaure su a jikin zobba ko doguwar sanda a waje. Bayan kamar kwana 7 sai a fara juya noti da ƙaramar sifana. Ma'aunin shi ne milimita 1 a yini, watau abin da bai kai ƙwayar gero ba, kuma akan raba shi sau huɗu: safe, rana, yamma da dare. In aka yi gaggawa, ƙashin ba zai tsiro ba, jijiya kuma za ta ji rauni. In aka yi sakaci aka bar kwanaki, ƙashin zai haɗe tun ba a kai inda ake so ba. Marar lafiya ko wani nasa ne ke yin juyin nan a gida. Saboda haka tilas a sami littafi, a riƙa sa alama kowane juyi.

MU YI LISSAFI DA KALANDAR GONA

Mu ɗauki misali. A ce ƙafar wani manomi ta gaza da santimita 5, aka yi masa aiki ranar 1 ga Nuwamba, bayan an kai dawa rumbu. Mako ɗaya na jira, kwana 50 na juyi, sai wajen Kirsimeti tsawon ya cika. To, a nan ne mutane sukan ruɗe. Ƙafafu sun yi daidai a ido, amma sabon ƙashin ɗanye ne, kamar bulon laka da bai sha rana ba. Yana bukatar aƙalla ninki biyu na kwanakin juyi kafin ya yi ƙwari. Likitoci sukan ƙiyasta wata ɗaya ga kowace santimita in yaro ne, wata ɗaya da rabi ko fiye in babba ne. Ashe manomin namu zai zauna da ƙarfe har Afrilu, watakila ma har Yuni.

Yuni kuwa shi ne lokacin shuka a ƙasar Kano. Wanda aka cire wa ƙarfe jiya ba zai riƙe garmar shanu gobe ba, ba zai yi huɗa ba, ba zai ɗauki buhun taki ba. Gaskiyar magana ita ce, damina ɗaya ta tafi. Gara a san haka tun kafin a sa hannu a takardar asibiti.

ABUBUWA HUƊU NA JINYA A GIDA

Na fari, ramukan ƙarfe. Kowace waya ƙofa ce daga waje zuwa cikin ƙashi, kuma ruɓewar bakin rami ita ce matsalar da ta fi yawa. A wanke hannu da sabulu, a share kowane rami da audugarsa dabam, da irin ruwan maganin da asibiti ta nuna. Kada a shafa toka, ko man shanu, ko garin magani. A rufe ƙarfen da tsabtataccen ƙyalle saboda ƙurar hunturu da ƙudaje, kada kuma marar lafiya ya shiga turken dabbobi ko ruwan fadama. In wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fid da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko yatsu suka mutu, a koma asibiti ran nan, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Na biyu, motsa gaɓoɓi. Ƙashi ya fi tsoka saurin yarda da ja. In aka bar ƙafa a kwance, gwiwa takan sandare, diddige kuma ya ƙi taɓa ƙasa, mutum ya ƙare yana tafiya a kan yatsu. Ma'aikatan gashin ƙashi, irin waɗanda ke asibitin Malam da na Dala, za su koya wa marar lafiya yadda zai miƙe gwiwa, ya lanƙwasa ta, ya jawo tafin ƙafa sama da zane. Su sukan gan shi sau ɗaya a mako ko biyu. Sauran kwanakin aikin gida ne, sau da yawa a yini, ko da akwai zafi. Taka ƙafar da sanda, gwargwadon yadda likita ya yarda, yana taimakon ƙashi ya yi ƙwari.

Na uku, abinci. Tuwo da miya tsinkakkiya ba za su gina ƙashi ba. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yawancin yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe a can, ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a abincinsu. Abin da ake bukata muna da shi: nono, ƙwai, wake, waken suya, gyaɗa, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale da kuka. Kazar da za a kai kasuwa, a bar ta ta yi wa marar lafiya ƙwai. Taba kuwa tana hana ƙashi haɗuwa, sai a bar ta ɗungum.

Na huɗu, maganin ciwo. Dare yakan yi tsawo a kwanakin juyi. Amma kada a sayi ƙwaya a kemis ba da sanin likita ba. Waɗansu suna rage saurin haɗuwar ƙashi, waɗansu kuma, kamar tiramadol, sukan kama mutum ya kasa rabuwa da su bayan ƙafar ta warke.

BAYAN AN CIRE ƘARFE

Hoton ƙashi ne kaɗai ke nuna lokacin cirewa ya yi, ba gajiyar marar lafiya ba. Watannin farko bayan cirewa su ne na haɗari, gama sabon ƙashin yana iya karyewa ko ya tanƙware. Sau da yawa akan sa filasta ko takalmin tallafi na waɗansu makonni. Cinya za ta rame, sai an yi ta motsa ta kafin ƙarfi ya komo, abin da kan ɗauki shekara ko fiye. A fara da aiki marar nauyi: tsinke gyaɗa a zaune, kula da kaji, riƙe littafin ƙungiya. Hawan babur da ɗaukar kaya su zo daga ƙarshe, da izinin likita. In yaro ne, a ci gaba da kai shi awo har ya gama girma, domin bambancin yana iya komowa. Kada kuma a cire shi daga makaranta saboda ƙarfe. A roƙi malamai su riƙa aiko masa da aiki, abokansa su riƙa zuwa.

Akwai wata gajiya da ba a gani a hoto. Magidancin da ya saba ciyad da gidansa, in ya zauna wata shida yana kallon rumbu yana raguwa, zuciyarsa takan karai. A nan ne waɗansu sukan daina motsa ƙafa, ko su nemi wanda zai kwance musu ƙarfen a gida. Ziyara da hira suna cikin magani.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawararmu:

1. Kafin aikin, mutum biyu daga ƙungiya su raka marar lafiya wurin likita. Su tambayi santimita nawa za a ƙara, wata nawa zai yi da ƙarfe, sau nawa zai komo, da abin da hoto da gashi za su ci.

2. A ware kuɗin mota dabam. A kwanakin juyi akan komo asibiti kamar kowane mako biyu, kuma mai ƙarfe yana bukatar kujerar mutum biyu. Sau da yawa ana tara kuɗin tiyata, a manta da na hanya. In zubin adashi ne, a ba shi ɗauka da wuri.

3. A nemi masauki. Wanda ke da ɗan'uwa a Tarauni, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko Unguwa Uku, ya yi magana da shi, domin marar lafiya ya kwana kusa ya kama layin safe.

4. A rubuta ranakun gayya tun da rani: shuka, noman fari, maimai da girbi. Kada a bar gidan su sayar da shanun huɗa ko su jinginar da gona.

5. Zumuntar mata ta raba kwanakin kawo nono da ƙwai, ta kuma riƙa hutar da matar gidan, gama ita ce ke ɗauke da nauyin wanka, da ɗebo ruwa, da girki.

6. A gyara hanyar makewayi, a sa kujera mai rami da abin dafawa, domin mai zobba ba ya iya tsugunawa.

Sannu ba ta hana zuwa. Muna roƙon shugabanni su karanta wannan a taronku mai zuwa, su tambaya ko akwai wani a cikinku, babba ko yaro, da likita ya yi wa maganar wannan aiki. In akwai, ku buɗe kalanda tare da shi, ku ƙidaya watannin, ku rubuta sunan wanda zai riƙe kowace rana ta gayya.