Lambar sirrin da ba ta da sirri: Yadda makafi ke fama da banki a Dandume

Babu gargaɗin da bankunan Najeriya suka fi maimaitawa kamar na lambar sirri: kada a gaya wa kowa, ko da ma'aikacin banki ne. Suna turo shi ta saƙon tes, suna liƙa shi a jikin ATM, suna sa shi a talla. Sai dai akwai kastomomin da tsarin bankin da kansa yake tilasta wa karya wannan doka kusan duk ranar da za su taɓa kuɗinsu. Su ne makafi da masu raunin gani.

A gari irin Dandume, da ke kudancin Jihar Katsina, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kasuwar hatsin garin ta yi suna, musamman wajen masara, kuma da kaka 'yan kasuwa na zuwa daga nesa su loda motoci. Cinikin da a da ake ƙirga wa mutum a hannu, yanzu yawancinsa ta tiransifa da POS yake wucewa. Manomin da idonsa ya tafi bai rasa gonarsa ba. 'Ya'yansa na noma, buhunan nasa ne, kuɗin kuma asusunsa suke shiga. Daga nan ne matsalar ke farawa: kuɗin nasa ne, amma sai da idon wani zai san nawa ne suka shigo, sai kuma da yatsan wani zai fitar da su.

Ba kuma mutum ɗaya ko biyu ba ne. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, idan kuma aka haɗa da masu raunin gani adadin ya kai miliyan 4.25. Yankin Arewa maso Yamma ne ke da mafi yawansu. Yanar ido da hawan jinin ido su ne kan gaba wajen jawo larurar. Ma'ana, da yawa daga cikinsu da idonsu suka girma, suka yi aure, suka buɗe asusu suka sa hannu, sannan duhun ya zo. Ba su taɓa koyon rubutun makafi na Braille ba, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu cewa waya tana magana.

Fom, sa hannu da kuɗin mota biyu

Yawancin matsalolin asusu da mai POS ba zai iya warwarewa ba, kamar katin da ya daina aiki, ko sauya lambar waya, ko asusun da aka rufe, reshen banki ake zuwa, kuma Funtua ce cibiyar bankunan yankin. Mai ido zai shiga mota shi kaɗai. Makaho zai biya kuɗin mota biyu, nasa da na ɗan jagora, a hanyoyin da matsalar tsaro ta sa kowa ke lissafin lokacin fita da na dawowa. In aka ce masa sabis ya ɗauke, ya dawo gobe, kuɗin mota huɗu ke nan.

A cikin banki kuma takarda ce sarki. Ana miƙo fom na Turanci mai ƙananan rubutu, ɗan jagora ko ma'aikaci ya cike, mai asusun ya sa hannu a inda aka ɗora masa alƙalami. Sa hannun wanda ba ya gani da wuya ya zo daidai da wanda ya yi shekara goma da suka wuce, kwamfuta kuma ba ta san uzuri ba. Sai a koma dangwala yatsa, sai a nemi shaida. Ƙungiyoyin makafi a Najeriya sun daɗe suna kokawa kan rassan da ke ƙin ba mambobinsu katin ATM, ko su ce sai sun sa hannu a takardar da ke wanke banki daga duk asarar da za ta biyo baya. A wajen bankin, kariya ce. A wajen kastoman, an ce masa ne tun daga ƙofa: in an cuce ka, kai ka jiyo.

Akwai wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Tun da aka ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014, sannan NIN ta zama dole, suna da ranar haihuwa sai sun zo iri ɗaya a ko'ina. A Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin cewa kowane asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, manyan asusu kuma da duka biyun, in ba haka ba a tsayar da shi daga Maris na 2024. To, mai ido yana iya leƙa takardar da aka buga masa ya ce an rubuta Mohammed a nan, Muhammad a can, a gyara tun yana wurin. Makaho ba ya ganin kuskuren ranar da aka yi shi. Sai bayan watanni, ranar da yake buƙatar kuɗin taki ko na asibiti, zai ji cewa sunansa bai zo ɗaya ba, daga nan kuma a fara zarya tsakanin banki, ofishin NIMC da kotu don takardar rantsuwa.

Gilashin da ba ya magana

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar waya mai madannai ya san akwai ɗan tudu a kan lamba 5. Ba ado ba ne. An sa shi ne don yatsa ya gane tsakiya, daga nan ya lalubo sauran lambobin ba tare da an duba ba. Haka yake a madannan ATM da na tsofaffin na'urorin POS. Da wannan ɗan tudun kawai, makaho yana shigar da lambar sirrinsa da kansa.

Sabbin na'urorin POS da suka cika kasuwanni, waɗanda Android ke tafiyar da su, da yawansu gilashi ne sumul daga sama har ƙasa. Sun fi kyau, sun fi sauri, masu sana'ar kuma sun fi son su. Amma yatsa ba ya jin komai a kansu. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, makahon zai sunkuya ya raɗa wa mai POS ko ɗan jagoransa lambobi huɗun, a tsakiyar kasuwa, katinsa kuma yana hannun wani. Ba ya ganin adadin da aka rubuta, ba ya iya karanta rasit. Mafi yawan masu POS mutanen kirki ne, kuma a gari irin Dandume kowa ya san kowa. Amma tsarin da bai da madogara sai kirkin mutane, ranar da aka gamu da wanda ba shi da shi, babu abin da zai tare. In aka kai ƙara banki, tambayar farko ita ce ko an shigar da lambar sirri daidai. An shigar. Shi ke nan, magana ta mutu.

ATM ma bai tsira ba. Madannan suna da tudu, amma abin da allon ke tambaya a rubuce yake. Na'ura mai magana, wadda ake soka mata iyafis ta karanto zaɓi a kunne, ba sabon abu ba ce: tun 1997 aka kafa ta farko a birnin Ottawa na Kanada. Indiya ta umarci bankunanta cewa duk sabon ATM daga Yulin 2014 ya zama mai magana. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya kuwa, abin da ta nema shi ne kashi 2 cikin 100 na injinan kowane banki su kasance da alamomin da ake shafawa da hannu. Biyu cikin ɗari, a ƙasar da injinan ma a manyan birane suka taru.

Wayar ta shirya, manhajar ce ba ta shirya ba

Abin takaicin shi ne, maganin rabin wannan wahala yana cikin aljihun kowa. Kusan kowace wayar Android, har da Tecno, Infinix da itel, tana iya aiki da TalkBack, wato manhajar Google da ke karanta abin da ke kan allo da murya. iPhone na da VoiceOver tun 2009. Ana kunna TalkBack ne a Settings, ƙarƙashin Accessibility, a wayoyi da dama kuma ana iya saita shi ya riƙa tashi in an danne madannan ƙarin murya da ragewa tare na daƙiƙa 3. In ya kunnu, taɓawa ɗaya tana faɗin sunan abu, taɓawa biyu da sauri tana buɗe shi. Akwai ma zaɓin duhunta allon gaba ɗaya, ta yadda na kusa ba zai ga komai ba. Da iyafis a kunne, makaho yana jin alat ɗinsa shi kaɗai, abin da bai taɓa samu ba a gaban kanta.

Sai dai TalkBack ba boka ba ne. Abin da mai gina manhaja ya rubuta a bayan kowane madanni shi yake karantawa. In an zana hoton kibiya ba a sa mata suna ba, muryar za ta ce madanni ne marar suna, ba ta san ko na tura kuɗi ne ko na fasawa ba. Wasu manhajojin banki suna zuwa da nasu allon lambobi na musamman wanda ke hautsina jerin lambobin duk lokacin da aka buɗe, don tsoron masu leƙe, wasu lokutan kuma mai karanta allo ba ya ganinsa sam. Tallan da ke faɗowa a tsakiyar aiki yana ɓatar da mutum. Lambar OTP tana mutuwa kafin a fita a saurare ta a dawo. Manhajar da ke aiki lafiya yau, sabuntawa ɗaya na iya lalata ta gobe, domin ba a gwada ta da makaho ba kafin a sake ta. Ga kuma harshe: manhajojin da Turanci suke, muryar ma Turanci take yi, dattijon da ya yi karatun allo kuwa Hausa da Larabci ya sani.

Lambobin USSD, irin su *737#, *894# da *901#, sun fi sauƙi domin rubutu ne zalla, suna kuma aiki ko babu data. Amma suna yankewa in aka daɗe ba a amsa ba, wanda ke saurare kuwa dole ya fi mai kallo jinkiri. Daga tsakiyar 2025 kuɗin USSD ya koma ana cire shi daga katin waya, naira 6.98 a kowace daƙiƙa 120. 

Mafi zafi a cikin sababbin shingayen shi ne tantance fuska. Manhajojin kuɗi na zamani kan ce a saita fuska cikin da'ira, a ƙifta ido, a juya kai. Wanda ba ya ganin da'irar ta yaya zai saita? Wanda idonsa a rufe yake fa? Wannan maganar ta kai har Kotun Ƙolin Indiya, bayan wata mata da aka watsa wa asid ta kasa buɗe asusu saboda ba ta iya ƙifta ido. A ranar 30 ga Afrilun 2025 kotun ta yanke cewa dole a samar da wasu hanyoyin tantancewa ga irinta da makafi. A Turai ma, dokar da ta wajabta wa bankuna, ATM da na'urorin biyan kuɗi su zama masu amfanuwa ga masu buƙata ta musamman ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025.

To, a koma tsabar kuɗi mana

Nan ma da sauran rina a kaba. Naira 100, 200, 500 da 1,000 duk girmansu ɗaya. Kuɗin Yuro kowace takarda da girmanta, sabuwar fam 10 ta Ingila ta 2017 tana da ɗigo-ɗigon da ake ji da yatsa, Babban Bankin Indiya kuma ya saki manhajar MANI a Janairun 2020 wadda ke duba takardar kuɗi ta faɗi nawa ce. Da aka sauya fasalin naira a ƙarshen 2022, launi ne babban abin da ya canza, launi kuma ba ya gaya wa yatsa komai. A makonnin da ake cewa tsohuwar takarda ta kusa daina aiki, makaho ba shi da hanyar sanin wacce aka miƙo masa. Dabarar da aka saba ita ce naɗe kowace takarda da salonta ko raba su aljihu-aljihu, amma ita ma sai wani ya fara faɗa masa gaskiya.

Mutanen Dandume sun kuma ɗanɗani ɗaya gefen. A Satumban 2021, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Dandume, Funtua, Sabuwa, Faskari da Malumfashi. Babu alat, babu USSD, babu manhaja. Kowa ya sha wuya, amma mai ido ya iya hawa babur ya nemi inda sabis yake.

Doka dai tana nan. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, ta ce a fara sallamarsu a layi, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta sa ido. Abin da ba a gani ba tukuna shi ne ranar da manhajar banki za ta kasa samun izinin fita don makaho bai iya amfani da ita ba.

Kafin nan, nauyin yana kan matasan gida, domin su ne 'yan jagoran, su ne kuma masu riƙe wayar. Akwai bambanci tsakanin yi wa mutum da koya masa. Yaron da ya zauna da kakansa yamma uku ya nuna masa inda 5 take, ya saya masa iyafis, ya saita masa shiga manhaja da zanen yatsa maimakon rubuta kalmar sirri, ya fi wanda ya haddace lambar katin yana zuwa ciro masa. Sa wa layin waya lambar kulle ma wajibi ne, domin wanda ya sace SIM yana iya kwashe asusu ta USSD. A wajen mai POS kuma, a nemi na'ura mai madannai, a faɗi adadin da ƙarfi, a jira alat ya shigo a saurare shi kafin a tashi.

In reshe ya ƙi ba da kati ko ya ɗora sharaɗin da ba a ɗora wa mai ido, ana shigar da ƙorafi a bankin a karɓi lambar shaida. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, sai a kai Sashen Kare Haƙƙin Kastomomi na Babban Bankin Najeriya. Shi ma ƙorafin, a rubuce ake son sa.