Tsohuwar wagon ta alfarma mai jan ƙafa huɗu: Abin da ɗan Badarawa zai lissafa kafin ya biya

Tun bayan da farashin motoci ya yi tashin gwauron zabo, wasu tsofaffin motocin Turai masu dogon baya sun fara jan hankalin masu saye. Duk wanda ke leƙa tallan motoci a Facebook ko rukunin dillalai na WhatsApp zai ci karo da su: Volvo XC70, Audi Allroad, ko Marsandi wagon mai tambarin 4Matic. Kujerun fata, na'urar sanyaya ciki, wajen kaya mai ɗaukar buhuna, ga kuma alƙawarin cewa ƙafafun nan huɗu duka suna ja. Sau da yawa kuɗinsu bai kai na Toyota sa'arsu ba.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Badarawa da Shinkafi da Kaura Namoda, ko mai bin hanyar Zurmi zuwa Jibiya, tayin yana da daɗin ji. Yashi a rani, taɓo da zaizaya a damina, ga iyali da kaya. Sai dai kafin a miƙa kuɗi, akwai tambaya ɗaya da ta fi farashi nauyi: ranar da motar ta tsaya, a ina za ta tsaya, kuma wa zai tada ta?

Daga Fijo zuwa 'yan Kwatano

Mota mai dogon baya ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo 504 wagon ta zama motar tasha, motar asibiti, motar biki. Ƙafafun baya kaɗai ke janta, amma tana da tsayi daga ƙasa, kuma babu garin da za a rasa bakaniken da ya san cikinta. Kayan gyaranta kuwa har a tebur ake sayarwa.

Da zamaninta ya ja baya, sai gwanjon Turai da Amurka suka maye gurbi, yawanci ta tashar Kwatano. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A 2023 kuma aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, sannan darajar naira ta faɗi har dala ta wuce naira 1,500 a 2024. Wannan ya sa mai neman mota ya koma ga waɗanda aka daɗe ana hawa a gida, kuma a cikinsu tsofaffin motocin alfarma ne suka fi saurin karyewar farashi.

Dalilin arahar a bayyane yake: masu su sun san abin da suke kashewa a gareji, dillalai kuma sun san masu nemansu kaɗan ne.

Jan ƙafa huɗu iri-iri ne

Kuskuren farko shi ne ɗaukar waɗannan motoci tamkar Hilux ko Land Cruiser. Su waɗancan suna da giyar ƙarfi ta musamman da direba ke sakawa idan hanya ta yi tsanani. Wagon ɗin alfarma galibi ba ta da ita. An ƙera ta ne domin titin Turai mai santsin ƙanƙara da ruwan sama.

Volvo XC70, wadda aka daina ƙerawa a 2016, ta fi sauran tsayi daga ƙasa, kusan santimita 21. A yawancin tafiya ƙafafun gaba ne ke janta, sai sun fara zamewa wata na'ura ta tura ƙarfi baya. Idan wannan na'ura ko ƙaramin giyar da ke haɗa gaba da baya ta lalace, wasu kan cire furofela gaba ɗaya su ci gaba da hawa. Motar za ta yi tafiya lafiya a kan kwalta, mai saye ba zai gane ba sai ranar da ta nutse a yashi.

Audi Allroad ta farko, wadda ta fito a 1999, tana zaune ne a kan jakunkunan iska maimakon sifirin. Direba na iya ɗaga ta ko ya sauke ta da maɓalli. Abin burgewa ne, amma roba ce, kuma zafi da ƙura da shekaru suna cinye ta. Jaka ɗaya ta fashe, motar ta durƙushe. Injinta na fetur mai lita 2.7 yana da turbo biyu, kuma canza su aiki ne da kan kai ga sauke inji.

Marsandi 4Matic kuwa, duk da ƙarfin jikinta, ƙasa-ƙasa take kamar kowace motar gari. Jan ƙafa huɗu ba ya hana cikin mota dukan tudu.

Akwai kuma batun taya. Irin waɗannan motoci suna so tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinyewarsu ma kusan ɗaya. Al'adar sayen taya ɗaya ta gwanjo a haɗa da tsofaffi uku, wadda ƙaramar mota ke jurewa, a nan tana iya kashe giyar da kuɗinta ya ninka na tayoyin.

Nisan gareji

A Badarawa da kewaye, motocin da bakanikai suka saba da su su ne na haya: Golf, Sharon, Toyota iri-iri. Kayansu na samuwa a Kaura Namoda da Gusau, wani lokaci har a Shinkafi. Na Volvo ko Audi kuwa, sai an yi waya Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in ba a dace ba sai Ladipo a Legas. Abin da za a aiko ma yawanci na gwanjo ne da aka ciro daga wata motar, ba tabbacin zai daɗe.

Sannan motocin cike suke da na'urorin lantarki. Matsala ƙarama kan sa motar ta ƙi wuce wani gudu har sai an jona mata kwamfutar bincike, kuma ba kowace kwamfuta ce ke karanta kowace mota ba. Bakaniken da bai san ta ba zai yi ta canza kaya bisa zato, mai mota na biya.

A wani wuri wannan asarar kuɗi ce kawai. A arewacin Zamfara ya wuce haka. Hanyoyin Shinkafi da Zurmi sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga masu tare matafiya, kuma direbobi na tsara tafiyarsu ne domin su isa kafin yamma. Motar da ta mutu a tsakiyar daji ta jefa duk wanda ke ciki a haɗari. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar, an rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da fetur. A irin wannan yanayi, motar da ke shan mai da yawa, wadda kuma gyaranta ya dogara da kiran waya zuwa Kano, ajiye ta kawai ake yi.

Wani abin lura shi ne yadda ido ke kallonta. Mai ita ya san kuɗin da ya biya bai kai na Corolla ba, amma wanda ya hango ta daga nesa motar mai hali yake gani.

Idan har sai an saya

Ba a ce duk wanda ya sayi irin wannan mota ya yi asara ba. Wadda aka kula da ita tana da daɗin tafiya, tana da ƙarfin jiki idan an yi haɗari, tana kuma ɗaukar kayan da ƙaramar mota ba za ta iya ba. Amma akwai matakan da bai kamata a tsallake ba.

Na farko, a nemo bakaniken da ya san motar tun kafin a nemo motar, a tafi da shi wajen dubawa, kuma kada ya zama na dillali.

Na biyu, a ɗaga motar a leƙa ƙarƙashinta. A tabbatar furofela na nan, a duba yoyon mai, a duba tsatsa, domin gishirin da ake zubawa a titunan ƙasashen sanyi yana cin ƙarfe. A duba ko an cire abin tace hayaƙin da bakanikai ke kira indomi.

Na uku, a gwada ta a kan yashi, ba a kwalta kaɗai ba, a ga ko ƙafafun baya suna ja. A tada ta da safe injin na sanyi, a kuma tuƙa ta har ta yi zafi, saboda wasu matsalolin giya ba sa fitowa sai mai ya ɗumama. Idan mai jakar iska ce, a bar ta ta kwana a ga ko ta sauka.

Na huɗu, a binciki lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17. Da ita ake gano ko motar da ta fito daga Amurka ta taɓa yin mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye ta, kamar dubban da guguwar Harvey ta lalata a 2017. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina.

Na biyar, takardu. A tabbatar da takardar biyan kuɗin kwastan a ofishin hukumar, kuma lambar da ke takarda ta yi daidai da ta jikin mota. Dokar kwastan ta hana shigo da motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa, don haka duk dillalin da ya ce motar 2006 yanzu ta sauka daga jirgi, akwai abin tambaya. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu.

Na ƙarshe, kada a zuba duk abin da ke hannu a kuɗin saye. Bel ɗin inji, man giya, tayoyi huɗu da shokozoba kan zo a watannin farko, kuma ba sa jira.

Wa ta dace da shi?

Mutumin da ke zaune a Gusau ko Kano, yana da wata motar ta biyu, yana da bakanike a kusa, zai iya morar tsohuwar wagon ta alfarma. Wanda kuwa mota ɗaya zai dogara da ita domin kai mara lafiya asibiti da dare, ko kai kaya kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya fi masa ya nemi wadda duk garejin da ke kan hanya ya san ta, ko da kujerunta na yadi ne.

Hausawa na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida. A hanyar Badarawa, nagari ita ce motar da idan ta tsaya da hantsi, za a iya tada ta kafin la'asar.