Daga Gandu zuwa Zagi: Asalin Tsofaffin Kalmomin Ingilishi na Kiran Macuci da Ɗan Banza

Duk wanda ya buɗe wasannin kwaikwayo na Shakespeare, ko na wani marubuci na zamaninsa, zai tarar Ingilishi yana da tarin kalmomin da ake jifar mutumin banza da su: « knave », « villain », « varlet », « caitiff », « rogue », « rascal » da ire-irensu. Ƙananan ƙamusoshin makaranta sukan fassara su duka da abu guda, watau macuci, mazambaci ko ɗan iska, sai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Amma idan aka bi sawun kowace zuwa tushenta, sai a ga mafi yawansu ba su faro da ma'anar laifi ba. Sunayen talakawa ne, na manomi da bara da yaron gida da kamamme, waɗanda suka yi ta gangara sannu a hankali har suka zama zagi. Masana ilimin ma'ana suna kiran wannan gangara « péjoration » da Faransanci. A nan an kira ta faɗuwar ma'ana.

Kafin shekarar 1066, lokacin da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, tsohon Ingilishi yana da nasa sunayen mugu, kuma galibinsu aikin da mutum ya aikata suke nunawa. « Wærloga » haɗi ne na kalmomi biyu, « wær », alkawari, da « loga », maƙaryaci, watau mai karya alkawari. An riƙa kiran Shaiɗan da ita, daga bisani ta zama « warlock », maye ko matsafi. « Wearg » kuwa mai laifin da aka kora daga cikin jama'a ne. Ƴar'uwarta a tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, « vargr », tana nufin korarre tana kuma nufin kyarkeci, don duka biyun a daji suke kwana kuma kashe su ba ya jawo diyya. Mafi nauyi a cikinsu ita ce « nithing », wadda aka aro daga mutanen arewan nan. A shekarar 1049, da Swein ɗan Godwin ya kashe Beorn, ɗan kawunsa, ta hanyar yaudara, sarki Edward da rundunarsa suka taru suka yanke cewa shi « nithing » ne. Swein babban basarake ne, sarautar kuwa ba ta kare shi ba. A 1088 ma sarki Wiliyam na II ya yi shela cewa duk wanda ba ya son wannan suna ya fito yaƙi da masu tawaye a Rochester. Waɗannan kalmomi sun mutu, ko sun koma wata ma'ana, sai wasu na dabam suka maye gurbinsu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne « villain ». Tushenta Latin ne: « villa » gandun basarake, « villanus » mai aiki a gandun. Ta shiga Ingilishi ta bakin Normawa masu jin Faransanci. A littafin ƙidayar da Wiliyam ya sa aka rubuta a 1086, wanda ake kira Domesday, « villani » su ne rukuni mafi yawa, wajen kashi 40 cikin 100 na mutanen da aka lissafa. Kafin ƙarni na 13 ya ƙare, shari'a ta mai da su talakawan gandu: ba a sayar da su a kasuwa kamar bayi, amma ba su da ikon barin ƙasar ubangidansu, suna yi masa noma na wasu kwanaki a mako, har aurar da ɗiya sai sun biya shi. A idon fadawa, duk halin da bai dace da basarake ba halin « vilain » ne: rowa, tsoro, rashin ladabi. Daga rashin ladabi aka kai ga rashin mutunci, daga nan aka kai ga mugunta, har a ƙarni na 19 kalmar ta zama sunan mugun da ke cikin labari ko wasan kwaikwayo. Masana tarihi, da suka ga ma'anar farko tana neman ɓacewa, sai suka keɓe mata rubutu na dabam, « villein », ga manomin gandu, aka bar « villain » ga mugu. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya san inda kalmar ta tsaya a can: « vilain » mummuna ne, ko yaro mai ƙiriniya. Faɗuwar ba ta yi zurfi kamar ta Ingila ba.

« Churl » ta fi ban tausayi, domin asalinta suna ne na ƴanci. A dokokin masarautar Wessex, « ceorl » ɗa ne mai gonarsa, mai zuwa yaƙi, wanda diyyarsa sule 200 ce, ta babban bafade kuwa sule 1200. Ƙarami ne, amma shari'a ta san da shi. Tushe ɗaya suke da « Kerl » ta Jamusanci da kuma sunan nan Karl ko Charles, wanda sarakuna suka yi ta ɗauka. Bayan zuwan Normawa, da yawa daga cikin masu wannan suna suka faɗa cikin talakawan gandu, kalmar ta bi su, ta zama mutum mai kaushin hali, marowaci. Haka « boor », wadda ke da tushe ɗaya da « boer » ta mutanen Holan, manomi, sunan da Turawan Afirka ta Kudu suka ɗauka. A Ingilishi ta zama mara ladabi. Mai jin Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, tunda ya san abin da « baƙauye » take nufi a bakin ɗan birni.

Rukuni na biyu na barori ne. « Knave » a tsohon Ingilishi « cnafa » ce, yaro namiji, kamar « Knabe » ta Jamusanci. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita ga jariri namiji ba tare da wani aibu ba, alhali tun kafin zamaninsa ma'anar bara da ta maƙetaci sun riga sun kunno kai. Abin lura shi ne akwai wata kalma da ta faro daga wuri ɗaya da ita, « cniht », yaro ko bara, ƴar'uwar « Knecht » ta Jamusanci. Wannan ta hau, ta zama « knight », barde mai doki da lambar girma. Bambancin duka a wurin wanda aka yi wa barantaka yake: baran sarki a fagen fama ya ɗaukaka, baran gida ya faɗi. « Varlet » ma haka: daga tsohon Faransanci « vaslet », ƙaramin « vassal », yaron da ke riƙe wa barde makamai. Reshe ɗaya ya ba da « valet », mai hidima, ɗayan ya zama zagi a ƙarni na 16. A wasan karta, hoton da Faransawa ke kira « valet » shi ne Ingilishi ya daɗe yana kira « knave », sai a ƙarni na 19 « jack » ta ture ta, don taƙaitawar Kn tana rikicewa da K ta sarki a kusurwar kati. « Blackguard », wadda ta bayyana wajen 1530, baƙar runduna take nufi, sunan ba'a da aka laƙaba wa yaran madafar fada masu ɗaukar tukwane da gawayi idan sarki ya tashi tafiya.

Kalma guda ta Latin, « captivus », kamamme, ta nuna yadda harsuna uku suka kalli mutumin da ya faɗa hannu. Faransanci ya mai da ita « chétif », ramamme mara ƙarfi. Italiyanci ya mai da ita « cattivo », mugu. Ingilishi ya karɓi « caitiff » daga karin Normandi, ya fara da kamamme, ya wuce ta abin tausayi, ya ƙare da matsoraci mara mutunci. Tafiyar ta yi kama da ta « matsiyaci », wadda tsiya, watau talauci, ce tushenta, amma da wuya a furta ta don tausayi. « Miscreant » kuwa daga addini ta zo: « mescreant » mara imani ne, sunan da Kiristocin Turai suka riƙa kiran Musulmi da sauran waɗanda ba nasu ba a zamanin yaƙoƙin gicciye. Faransanci ya riƙe ma'anar a « mécréant », Ingilishi ya manta da addinin ya bar mai laifi.

Akwai wata kalma da ba sunan macuci ba ce kai tsaye, amma ta cancanci masu tsara aikin karantar da manya su dube ta. « Lewd » a tsohon Ingilishi « læwede » ce, wanda ba malamin coci ba. Da yake a wancan zamani malaman coci ne kusan kaɗai ke rubutu, sai ta zama wanda bai iya karatu ba, sa'an nan mara tarbiyya, daga ƙarshe mai batsa. Wannan shi ya bayyana sauran misalan duka. Ma'anar da ta iso ga mai nazari a yau ma'anar masu alƙalami ce, na coci da na fada. Abin da manomin gandu yake kiran ubangidansa da shi a bayan idonsa, kaɗan ne ƙwarai daga ciki ya shiga takarda.

« Rogue » ba ta bi wannan hanya ba, domin doka ce ta raine ta. A ƙarni na 16 Ingila ta cika da masu yawo: jama'a ta ƙaru, masu ƙasa suna killace gonaki don kiwon tumaki, gidajen ibada da ke ciyar da mabukata kuwa sarki Henry na VIII ya rushe su tsakanin 1536 da 1540. Dokar 1547 ta ce a ɗora wa mai yawon banza lalas na harafin V a ƙirji, a bautar da shi shekara 2. Kalmar « rogue » ta bayyana a rubuce a littafin John Awdeley na 1561 da na Thomas Harman na wajen 1566, waɗanda suka jera ire-iren mabarata da dabarunsu da zaurancensu. Dokar 1572 ta ɗauke ta ta mai da ita sunan laifi: wanda ya haura shekara 14 aka kama shi yana yawo ba ubangida, a yi masa bulala, a huda masa kunnen dama da ƙarfe mai zafi. Cikin waɗanda dokar ta lissafa har da ƴan koli, da masu gyaran tukwane, da ƴan wasan kwaikwayo marasa basaraken da ya tsaya musu, da ɗaliban Oxford da Cambridge masu bara ba izini. A 1604 aka ƙara lalas na harafin R a kafaɗar hagu. Wasu masana suna danganta kalmar da « roger », sunan zaurance na mabaraci mai shigar ɗalibi, wanda ake jin ya fito daga « rogare » ta Latin, roƙo. Haka kuma « rascal », daga tsohon Faransanci « rascaille », taron gama-gari, wadda ta ba da « racaille », ta tashi daga sunan taro ta koma sunan mutum guda. Dukansu biyu sun yi sanyi daga baya, har ana kiran yaro mai wayo da su cikin raha.

Saura « scoundrel », wadda ta fara bayyana wajen 1580. An sha kawo shawarar cewa ta fito daga « escoundre », ɓoyewa, a Faransancin da aka yi amfani da shi a Ingila bayan Normawa. Sautin ya yi kusa, ma'anar ma ana iya lanƙwasa ta ta dace, ga mai so. Matsalar ita ce ɗaruruwan shekaru ne tsakanin kalmomin biyu, babu kuma wata takarda da ta nuna siga ta tsakiya. Kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne a wannan fanni, shi ya sa babban ƙamusun Oxford bai karɓi shawarar ba, ya bar kalmar cikin waɗanda ba a tabbatar da asalinsu ba.