Fatan Alheri Da Kuɗin Mota: Abin Da Sanƙarau Ya Koya Wa Iyaye Mata A Jega Da Aliero

Uwargida, kin san maganar da ke fitowa daga bakinki idan jikin yaro ya yi zafi da dare: "Ba komai, zafin gari ne, zuwa safe zai warware in sha Allahu." Maganar tana da daɗi, tana kwantar da hankalin gida, kuma sau da yawa gaskiya ce. Amma akwai dare ɗaya da ba ta isa ba.

A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar cutar da ake zargin sanƙarau ce, a ƙananan hukumomin da suka haɗa da Gwandu, Jega da Aliero. Har Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero ta rasa ɗalibai. Idan a Maiyama kike, kada ki ce abin ya tsallake ki; motar da ke kai mutanenku kasuwar Jega ita ce ke dawo da su, kuma ƙwayar cutar tana bin tari da atishawa da cunkoson ɗakin kwana.

Abin da ya sa sanƙarau ya bambanta da zazzaɓin da kika saba shi ne sauri. Yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Wanda ya tsira a makare kuma yakan tashi da kurumta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Lokacinsa daga hunturu ne zuwa bazara, ya fi tsananta a Maris da Afrilu, daidai lokacin da kowa ke ɗora kowane ciwo a kan zafi.

Saboda haka ki duba da idonki. Zazzaɓi ne mai zafi da ya zo farat ɗaya? Ciwon kai mai tsanani da amai? Ki ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. Idan wuya ya ƙi, ko yana gudun haske, ko ya fara jijjiga, babu sauran jira. Jariri ba zai faɗa miki ba: shi maɗigarsa ce za ta kumbura, ya ƙi kama nono, ya yi ta kuka mai ƙara. Farasitamol daga kemis zai sauke zafin na ɗan lokaci, ya ruɗe ki, ciwon na ci a ciki. Maganinsa allura ce a asibiti.

Ba wanda ya ce ki daina kyautata zato. Uwar da ta firgice ba ta iya yanke shawara, kuma yaro yana karanta fuskarki. Sai dai ki haɗa addu'ar da shiri tun kafin ciwo ya zo: ɗan kuɗin mota a ƙulle, lambar mai mashin da zai ɗaga waya da tsakar dare, da izinin maigida tun yanzu cewa in ya faru ba ya nan, ki fita kawai. Wannan na ƙarshen shi ne yawancinmu ke jin nauyin tayarwa, alhali shi ke cinye awoyi.

Akwai kuma rigakafi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma a 2025 an kawo ta Kebbi. Ki tambaya a asibitin unguwarku ko 'ya'yanki sun samu, ki tafi da katinsu a hannu.